Turken Rumfa a Yashin Gombe

A ƙarshen watan Mayun bara muka yi walimar auren ɗan yayana a wani lungu na Kumbiya-Kumbiya. Tun da hantsi yaran mai hayar rumfa suka iso da kaya a bayan a-kori-kura: rumfa huɗu, kujerun roba, da wani buhu mai ƙara da suka jefar gefe. Guntayen rodi ne a ciki, kowanne bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, an lanƙwasa kansa kamar ƙugiya. Yaro ya kafa, ya doka sau uku da dutse, ya zarga igiya, ya yi gaba. Bayan la'asar gabas ta haɗe. Kafin mata su gama tattara kuloli, iskar da ke gaban hadari ta kutso lungun, ta shiga ƙarƙashin rumfar farko, ta ɗaga ta kamar faifai ta kifa a kan katangar maƙwabta. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai gilashin motar wani baƙo da ya tafi. Da na je duba igiyoyin, ko ɗaya ba ta tsinke ba. Kowace tana reto da guntun rodinta a baki, ko lanƙwasa bai yi ba.

Tun ranar nake ta juya abin a rai. Igiya ta yi aikinta, ƙarfe ma ya yi nasa. Ƙasa ce ta saki. Shi turke ai ɗan aike ne tsakanin igiya da ƙasa, kuma duk wata dabarar ƙira shi ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya: ƙasa nawa zai iya gayyatowa ta taya shi riƙo?

Wanda ya taɓa tura babur a lungunan Gombe da rani ya san irin ƙasarmu. Garin yana kwance ne a ƙasan tudun da ke yamma, wajen Tumfure, kuma duk damina ruwa na wanko yashi daga can ya zube mana. Masana duwatsu ma da sunan Gombe suke kiran wani shimfiɗin dutsen yashi na wannan yanki. Wannan sako-sakon ƙasa shi ke sa kwari na cin unguwanni, shi ne kuma ke sa turke ya zare kamar tsinken tsire. Yashi ba shi da danƙo. Ƙwayoyinsa ba sa riƙe juna sai in an danne su, abin da ke danne su kuwa nauyin yashin da ke bisansu ne. Saboda haka taƙin farko na sama kusan banza ne, ƙarfin yana can ƙasa, yana ƙaruwa da zurfi. In ka fita wajen Deba ko Balanga, inda baƙar lakar nan ta noman auduga take, labarin ya juye. Da rani sai ka yi gumi kafin ƙarfe ya shiga, amma ruwan sa'a guda ya isa ya mayar da saman ta kamar man shanu.

Mutane kuma suna raina iska, don ba sa auna ta da abin da suka saba ɗauka. Iskar da ke gudun kilomita 72 a awa, wadda ba baƙuwa ba ce a gaban hadarin farkon damina, tana tura kowane murabba'in mita da nauyin da ya kai kilo 24. In gudunta ya ninka, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Rumfar biki mai ƙafa 20 a kowane gefe tana da rufin murabba'in mita 36 ko kusa. A ce ma rabin wancan ƙarfin ne kawai ya zama ɗagawa sama, an haura kilo 400, wato fiye da buhun siminti takwas. To a dubi guntayen rodi huɗu da aka doka da dutse, a ce su ne za su yi gardama da wannan.

Turke yana riƙo ne ta hanya biyu, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. In igiya ta ja shi a kaikaice, dole ya ture duk ƙasar da ke gabansa kafin ya motsa, wani curi mai faɗi da ke buɗewa daga tsininsa zuwa sama. Nan ne ƙarfinsa yake. In kuwa ta ja shi a miƙe, ta hanyar da ya shiga, ba abin da ya rage masa sai ɗan gugar da ke tsakanin jikinsa da ƙasa. A lungu mai ƙunci yara sukan kafa turke dab da ƙafar rumfa don kada igiya ta tare hanya, sai igiyar ta tsaya kusan a tsaye, ta zama tana zare shi ne kawai. Nisan turke daga ƙafar rumfa bai kamata ya gaza tsayin ƙafar ba. Larabawan ƙauye, da suka daɗe da wannan sana'a, sukan ja igiyoyin tantinsu na gashin akuya su yi nisa sosai, har su kusa kwanciya a ƙasa.

A shekarun 2000 ƙungiyar masu sana'ar tanti da tamfol ta Amurka, IFAI, ta sa injiniyoyin Jami'ar Illinois suka yi ta kafa turaku suna zarewa da na'urar awo. Ma'auninsu shi ne turken ƙarfe mai kaurin inci 1, an nutsa shi inci 36, wato santimita 91, igiya tana jan sa a digiri 45. A ƙasa mai tsananin tauri ya riƙe sama da kilo 1,100. A mafi laushi, kilo 45 kacal. Turke ɗaya, igiya ɗaya, bambancin ya kai ninki 25, kuma duk daga ƙasa ya fito. Abin da ya fi burge ni a aikin nasu shi ne yadda suka mayar da guduma ma'auni. Ka lura da yadda turke ke nutsewa a duka ɗaya na gudumar kilo 7 idan ya kusa ƙarewa: in da ƙyar yake motsi, ƙasar amana ce, in kuwa duka ɗaya na shigar da shi taƙi guda, kada ka ba ta ajiyar komai. Wato sauƙin da yaron nan ya ji wajen kafawa shi ne gargaɗin da bai karanta ba.

Sun kuma gano abu biyu da suka saɓa wa abin da muka gada. Na farko, zurfi ba ya tafiya daidai wa daida: turken da aka rage daga ƙafa uku zuwa ƙafa biyu kusan rabin ƙarfinsa yake rasawa. Na biyu ya shafi karkata. Kowa an koya masa ya kwantar da turke baya sosai, kansa na guje wa rumfa. Awon ya nuna cewa na tsaye cak, ko wanda aka ɗan karkata bai wuce digiri 15 ba, shi ya fi riƙo, kuma in karkatar ta kai digiri 30 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Dalilin a fili yake in aka tuna halin yashi. Duk kwantar da ƙarfen da ka yi, ka hana tsininsa isa inda ƙasa ke da ƙarfi.

Da na kai wa baffana wannan labari, mutumin da ya yi shekaru yana turke shanu da raguna a bayan gidansa, dariya ya yi.

"Yanzu sai da Turawa suka auna kuka yarda? Je ka dubi turken bijimin can."

Na je na duba. Itace ne mai kaurin dantse, a tsaye cak, abin da ya fito waje bai kai kamu ba, kuma ƙasar gindinsa an daɓe ta da taɓarya har tana ƙyalli. Igiyar tana kwance a gindi, akwai ɗan tsagi da aka sassaƙa don kada ta hau.

"Baffa, me ya sa ba a ɗaure ta a sama? Ai ya fi sauƙin kwancewa."

"In za ka tuge rogo, a ina kake kamawa ka jijjiga? Duk abin da ka ɗaure a ka, ka ba dabba mariƙin da za ta girgiza shi ne. Yau kaɗan, gobe kaɗan, rami ya buɗe."

Ƙugiyar nan da masu walda ke lanƙwasawa a kan rodi daidai wannan laifin take yi in ba a nutsa ta har ƙasa ba. Iska kuwa ba ja ɗaya take yi ba, fizga take tana saki kamar bijimin baffa, kowace fizga tana faɗaɗa ramin.

Bari in ɗan ratse, don kalmar ta ja ni. A ƙarni na 8 Miladiyya, da Khalilu ɗan Ahmad na Basra ya zauna tsara ilimin aruli, daga tanti ya ɗebo sunayen. Layin waƙa ya zama baiti, wato ɗaki, kalmar da har yau muke amfani da ita. Gaɓar haruffa biyu ya kira ta sababi, igiya. Ta haruffa uku kuma watadi, turke, kalmar da duk ɗan makarantar allo ya haddace jam'inta tun a izun farko. Abin sha'awar shi ne sauye-sauyen da ake kira zihafi a kan sababi kaɗai suke faɗawa. Ana iya rage igiya, ana iya sassauta ta, amma watadi a tsakiyar baiti yana nan inda yake. Mu ma a nan gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero da turke ya kira babban saƙon da waƙar baka ke kewayawa. Mutanen da suka rayu da dabba da tanti sun san wane ɓangare ne aka yarda ya yi wasa.

Igiyar ma tana da nata hali. Ta rama ko ta auduga tana tsukewa in ta jiƙe, har ta zare turkenta da kanta, shi ya sa tsofaffin masu tanti ke sassauta ta in hadari ya taso. Ta nailan miƙewa take yi, ta bar rumfa tana rawa. Guntun robar tif, irin wadda 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita, in aka sa tsakanin igiya da turke, tana shanye fizgar. A kuma kauce wa inda ruwan rufi ke zuba, don nan ƙasa ke fara narkewa.

To wane irin turke ya dace da yashinmu? Rodi mai kaurin milimita 12 da ake yawan amfani da shi siriri ne, yanka yashi yake yi kamar wuƙa maimakon ya ture shi. Mai 16 ya fi shi jure lanƙwasa fiye da ninki biyu, mai 20 ko 25 kuma ya fi dacewa da manyan tantunan taro irin na filin wasa na Pantami. Zanen da ke jikin rodi yana ɗan taimakawa, amma faɗi ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Ni a ganina ƙarfen nan mai kwana da masu walda ke kira angul ya fi rodi a yashi, in aka fere bakinsa aka kafa shi cikinsa na fuskantar rumfa, don yana tara ƙasa a gabansa kamar cokali. Inda ɗaya bai isa ba, a kafa na biyu a bayansa, a ɗaure kan na gaba da gindin na baya, yadda sojojin injiniya ke yi in za su ja abu mai nauyi.

Akwai yashin da ba turken da zai zauna a cikinsa. Nan sai binnewa. A tona rami mai zurfin kamu biyu, a ɗaure igiya a tsakiyar gungume ko buhun da aka cika da yashin wurin, a kwantar da shi a gicciye, a yanka wa igiyar 'yar hanya ta fito a kaikaice, a rufe a daɓe. Makiyayan hamada da damin ƙirare suke yin haka. Dabara ɗaya ce da ta Alexander Mitchell, makahon injiniya ɗan ƙasar Ayaland, wanda a 1833 ya yi rajistar ginshiƙi mai faffaɗan murɗi a tsini, aka riƙa dasa hasumiyoyin haska jiragen ruwa da shi a yashin bakin teku. Mai walda na iya kwaikwayonsa da rodi da ɗan faifan ƙarfe da aka tsaga aka murɗa, a juya shi cikin ƙasa maimakon a doka.

Matsalar da ke ƙaruwa yanzu ita ce kwalta da intalok. Tituna sun shigo unguwanni, ba inda za a kafa komai, sai ka ga an rataya wa kowace ƙafar rumfa bulo ɗaya. Bulo mai inci 9 kilo ashirin da 'yan kai ne. Huɗu ba su fi buhun siminti biyu ba, a gaban ɗagawar da ta haura buhu takwas. Duro mai lita 200 in an cika shi da ruwa kilo 200 ne, ya fi zama magana, ko da yake na roba yakan zame a kan kwalta, sai an sa masa tsohuwar taya ko katako a ƙasa. In kuma hadari ya riga ya haɗu, hanya mafi arha ita ce a kwance tamfol ɗin a bar ƙarafa tsirara. Mai huda ƙasa da ƙarfen ƙafa uku kuma ya tambayi masu gida inda bututun ruwa ya bi.

Da bikin suna ya taso mana cikin watan Yuli, ban jira buhun kowa ba. Na sayi rodi mai 16 guda ɗaya, tsawonsa mita 12, mai walda ya yanka shi gida 12. Ya fere tsinin kowanne, ya liƙa ɗan guntu a gicciye taƙi rabi ƙasa da kai don ya tare igiya, ya bar kan a miƙe yadda guduma za ta sauka sosai. Muka kafa uku-uku a ɓangaren gabas, muka kifa wa kowanne gorar ruwa ta roba saboda ƙafafun yara. An yi iska da daddare, rumfa ta kwana.

Washegari na tarar da yaron mai haya yana kokawa da na farko, ya rungume shi yana ja sama, jijiyar wuya duk ta tashi.

"Baba, wannan ai fitar da shi ma aiki ne."

Na sa ya zura fayif a ƙarƙashin gicciyen, ya juya shi hagu da dama sau biyar, ya zuba ruwa rabin bokiti a gindi, sannan ya ɗora fayif ɗin a kan bulo ya danna ɗaya bakin da ƙafa. Ya fito a hankali, da jiƙaƙƙen yashi manne a rabinsa na ƙasa. Saura goma sha ɗaya.