Gemini: Wani Lungu na Intanet da Ba Ya Shan Data

Duk mai wayar hannu ya san takaicin buɗe shafi don karanta labari mai layi goma, sai talla ta rufe allo, bidiyo ya kama kansa, data na ta zurarewa. Irin wannan takaici ne ya sa wani mai amfani da laƙabin Solderpunk ya fara tsara Gemini a watan Yunin 2019. Wannan ba Gemini na Google ba ne mai amsa tambayoyi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi wannan wata hanya ce ta daban ta aika shafuka a intanet, adireshinta yana farawa da gemini:// maimakon https://.

An ɗauko sunan daga shirin Gemini na hukumar NASA ta Amurka, wanda ya zo tsakanin Mercury da Apollo. Haka shi ma yake, ya fi tsohon tsarin Gopher na 1991 ƙarfi, amma bai kai nauyin yanar gizon yau ba. Hatta lambar ƙofar da yake amfani da ita, 1965, shekarar da aka fara harba 'yan sama jannati a shirin ce.

Shafin Gemini rubutu ne zalla. Babu JavaScript, babu kukis da ke bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi, hoto kuma ba ya buɗe kansa sai an taɓa mahaɗinsa. Shafi guda sau da yawa bai wuce 'yan kilobait ba, shi ya sa yake buɗewa ko a inda sabis ke rarrafe. Duk da sauƙinsa, dole ne a ɓoye saƙo da TLS tsakanin waya da sabar.

Chrome ba ya buɗe shi, sai an sauke manhaja ta musamman. Lagrange ce ta fi kyan gani, akwai ta a kwamfuta da waya. Masu Android kuma za su samu Deedum ko Buran a F-Droid. Bayan an saka manhajar, sai a rubuta gemini://geminiprotocol.net, daga nan a bi mahaɗai. Shafukan mutane ana kiransu kafsul, kuma Antenna tana tattaro sababbin rubuce-rubucensu wuri guda.

Abu ɗaya yana rikita sabon shiga. Karon farko da aka ziyarci kafsul, manhajar tana adana takardar shaidarsa. Idan wata rana takardar ta canza, za ta yi gargaɗi. Sau da yawa mai shafin ne ya sabunta, amma kada a saba dannawa a wuce ba tare da an karanta ba.

Gemini ba zai maye gurbin WhatsApp ko manhajar banki ba, kuma yawancin abin da ke cikinsa da Turanci yake, galibi hirar masu kwamfuta. Sai dai rubuta shafi a cikinsa ya fi HTML sauƙi nesa ba kusa ba: # a farkon layi kanu ne, => mahaɗi ne, sauran galibi rubutu ne zalla. Yana aiki da UTF-8, don haka ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai ga wanda ya ga damar buɗe kafsul da Hausa.