Daga gareji zuwa gida: Gubar da takardar fili ba ta nunawa a Kaduna

A Hayin Banki da ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, mai neman fuloti yakan yi wa dillali tambaya uku: nawa ne kuɗin, akwai takarda, kuma babu rikicin gado? Da wuya ka ji an tambayi abin da aka yi a kan filin shekara ashirin da suka wuce.

Amma a unguwa irin wannan, da ke maƙwabtaka da Kawo inda harkar mota ta daɗe da kafuwa, tambayar na da muhimmanci. Fili ya yi tsada, kuma tun da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birnin Kaduna a 2019, sababbin tituna da gadar Kawo suka ƙara wa filayen yankin daraja. Idan gareji ya tashi aka gina gidan haya ko makaranta a wurin, baƙin man da ƙasa ta sha shekara da shekaru ba ya tashi tare da kanikawa. Haka ma ruwan batir da dalmar da ke cikinsa.

Dalma ba ta ruɓewa. Tana zama cikin ƙura, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki, ta shiga jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a ce ba ya cutarwa. Shi kuwa baƙin mai yakan tsiyaya ƙasa har ya iske ruwan rijiya.

Abin da masaƙu suka bari

Babbar matsalar tana ƙetaren kogi, a Kakuri. A 1957 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe masaƙar KTL da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Daga baya UNTL da Arewa Textiles da wasu suka biyo, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a Najeriya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida.

Aikin masaƙa na cin ruwa da soda da sinadaran rini, waɗanda wasunsu ke ɗauke da ƙarafa masu guba. Shekaru da dama dagwalon masana'antun yankin na bin magudanan Kakuri da Makera zuwa Kogin Kaduna. Yau manyan filayen na tsakiyar gari, kuma duk lokacin da aka tayar da zancensu, magana kan tsaya ne a kan farfaɗo da su, ko sayarwa, ko haƙƙin tsofaffin ma'aikata. Ita ƙasar da ke ƙarƙashin gine-ginen, ba kasafai ake ambatonta ba.

Darasin Zamfara

Arewa ta riga ta ga abin da gurɓatacciyar ƙasa ke yi. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta nuna cewa magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma gidan da gubar take. Dole aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi.

Matakan kusan ɗaya ne a ko'ina: a binciki tarihin filin, a ɗebi ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji, sannan a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, ko a wanke ta, ko a rufe ta yadda ba za ta taɓa mutum ba. Da irin wannan aiki Landan ta mayar da tsohon yankin masana'antu na Stratford filin wasannin Olamfik na 2012. Jinkiri kuwa na ninka wahala: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Wa zai fara tambaya?

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1992 Najeriya ke da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, an kafa hukumar NESREA a 2007, jihar Kaduna kuma na da KEPA mai kula da muhalli da KASUPDA mai ba da izinin gini. Sai dai cinikin fuloti ɗaya a cikin unguwa yakan ƙare ne tsakanin mai fili, dillali da shaidu.

Don haka nauyin farko na kan mai saye. Ya tambayi dattawan layi abin da aka taɓa yi a wurin. Ya duba ko ƙasar ta yi baƙi, ko tana warin mai, ko ciyawa ta ƙi fitowa. Idan an taɓa fasa batir ko narka ƙarfe a filin, a gwada ƙasar kafin a haƙa harsashi, a gwada ruwan rijiyar kafin yara su sha. Kuɗin gwaji bai kai na tirela ɗaya ta siminti ba, gidan kuwa har jikoki za su zauna a cikinsa.