Ɗaye Fatar Fuska da Magani: Shiri Kafin Aiki, Kula Bayan Aiki

Darasinmu na yau bisa lafiyar fata yake. Wanda ke da alƙalami kusa ya rubuta lambobin da za mu faɗi, don za su yi amfani.

Cikin birane ana yawan zancen wani aiki da ake yi ma fuska. Ana shafa magani mai ƙarfi, fatar sama ta mutu, ta ɗaye, sabuwa ta fito. Masu aikin suna ce mishi pilin. Wasu sun ji daɗinshi. Wasu kuwa sun fito da tabon da ya fi na da muni. Bari mu ga dalili.

Mi ne ne wanga aiki?

Maganin asid ne, wato ruwa mai cin fata. Ku riƙe wagga magana da kyau: aikin ƙuna ne, amma ƙunar da lokotoro ke aunawa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1882 wani lokotoron fata na ƙasar Jamus, Paul Unna, ya yi bayanin irin waɗanga magunguna. Wasu daga cikinsu dangin abin da munka sani ne. Asid gilikolik akwai shi cikin rake. Asid laktik shi ke sa nono ya yi tsami. Asid salisilik dangin asfirin ne. Amma na hannun lokotoro ya fi waɗanga ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ana yin aikin don ƙurajen fuska, da baƙin tabon da ƙuraje sunka bari, da baƙin da ke fito ma wasu mata ga kumatu da goshi, da ƙananan tamoji. Ba aikin sake launi ba ne. Ba ya mai da baƙin mutum fari.

Aikin iri 3 ne

1. Na sama-sama. Yana taɓa fatar waje kaɗai. Yana warkewa cikin kwana 1 zuwa 7. Sau da yawa ana maimaita shi bayan ƴan satuttuka.

2. Na tsakiya. Ana yin shi da asid mai suna TCA. Fuska tana kumbura, ta yi ɓawo. Warkewa kwana 7 zuwa 14.

3. Mai zurfi. Ana yin shi da fenol. Warkewa kwana 14 zuwa 21, kuma wurin yana ɗaukar watanni kafin ya koma daidai. Fenol yana shiga jini, yana iya rikita bugun zuciya. Ga baƙar fata yana iya barin farin tabo wanda ba ya ɓacewa. Wanga iri bai dace da fatarmu ba.

Don mi baƙar fata ke son kula ta musamman?

Cikin fatarmu akwai ƙwayoyi masu yin launi. Su ke kare mu daga rana. In fata ta ji ciwo, sai su ƙara aiki. Kun ga yadda wurin ƙuna ko wurin susa ke yin baƙi bayan ya warke? To, haka abin yake. In asid ya yi yawa, ko rana ta bugi sabuwar fata, wurin sai ya yi baƙi ƙirin. Baƙin nan yana iya kai watanni, har shekara. Wanda ya je fidda ƙaramin tabo sai ya komo da babba. Ƙasarmu kuwa ƙasar rana ce.

Wa ya kamata ya yi aikin?

Lokotoron fata, wanda ya saba da baƙar fata. Ana samunsu a manyan asibitoci, kamar na Yamai. Kada ku sayi ruwan ɗaye fata a kasuwa ko ta salula ku shafa da kanku. Ba ku san ƙarfinshi ba, kuma in ya fara ci ba ku san yadda za ku tsai da shi ba. A watan Yuli na 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kada su yi aiki da irin waɗanga ruwaye ba tare da masani ba, don suna jawo ƙuna mai tsanani da tabo.

Shiri kafin aiki

Na farko, ku faɗa ma lokotoro gaskiya duka. Ku sanar da shi:

In mace tana da ciki ko tana shayarwa.

In jikinku yana yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne.

In ƙuraje masu ruwa suna fito muku ga leɓe lokacin masassara. Aikin yana iya tashe su, su bazu ga fuska. Lokotoro zai ba ku ƙwayoyin rigakafi.

In kun sha maganin ƙuraje mai suna isotiretinoyin cikin wata 6 da sunka wuce.

In kuna shafa man ƙara haske. Kada ku ji kunya. Da yawa daga mayukan nan suna da kortizon ko zaiba. Kortizon yana sa fata ta yi sirara, asid ya shige da zurfi fiye da yadda anka so. Ku tafi da kwalaben da kwalayen, ya karanta da idonshi.

Na biyu, shirin yana ɗaukar sati 2 zuwa 4. Lokotoro yakan rubuta man shafawa da dare, da man kare rana na kowace safiya. Shi zai faɗi ranar da za ku daina na daren.

Na uku, sati guda kafin aiki, ku bar halawa da dilka ga fuska. Ku bar goga da soso mai kaushi. Ku bar man miƙe gashi da rini. Maza su tambayi lokotoro ranar da za su dakatar da aski.

Na huɗu, ku zaɓi lokaci. Mai noma kada ya yi shi da damina, sa'ad da zai wuni gona cikin rana. Amarya kada ta yi shi ana saura sati guda biki. Ta ba da tazarar wata guda ko fiye. Sauri ya haifi nawa.

Ranar aiki ku je da fuska wankakka, babu hoda, babu kwalli. Za ku ji raɗaɗi na ƴan mintoci. In ya fi ƙarfinku, ku faɗa nan take.

Kula bayan aiki

Kwana 2 ko 3 bayan aiki, fata takan fara ɗayewa. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Ga dokoki 6:

1. Kada ku ɓare ɓawon da farce. Ku bar shi ya faɗi da kanshi. Fatar ƙarƙashi ba ta nuna ba tukuna.

2. Ku wanke fuska da ruwa mai tsabta, mai sanyi, da tafin hannu. Ko wajen alwala, a zuba ruwa a hankali, ban da cuɗa. Ban da sabuni mai ƙarfi.

3. Ku shafa man da lokotoro ya rubuta, ko Vaseline marar turare. Da hunturu iska na bushe fata, sai ku ƙara yawan shafawa.

4. Ku guji rana, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na marece. In fita ta zama dole, ku sa malfa ko ku riƙe laima. In lokotoro ya ce fata ta rufe, ku koma ga man kare rana. Ku duba jikin kwalin: za ku ga haruffa SPF, da lamba 30 ko 50. A waje, ku sake shafawa kowace awa 2. Ku ci gaba da haka watanni.

5. Ku nisanci zafin murhu da hayaƙi ƴan kwanaki. Wata ta kama muku girki.

6. Kada ku shafa lemun tsami, ko toka, ko man ƙara haske, ko wani haɗi da maƙwabciya ta kawo.

Yaushe za a koma likita da gaggawa?

In wurin ya yi mugunya ko wari. In masassara ta kama ku. In ciwo yana ƙaruwa maimakon ya ragu. In ƙuraje masu ruwa sun fito. Ranar da kunka ga ɗaya daga cikinsu, ranar za ku koma. In kuma wurin ya fara baƙi, ku nuna ma lokotoro da wuri, don akwai magani.

Ƴan'uwa, shafa asid ɗin mintoci ne kaɗan. Satuttukan shiri da watannin kula su ne ke yanke yadda fuska za ta kasance. Wanda aikinshi ba zai bar shi ya ɓuya ma rana ba, gara ya jinkirta, ko ya nemi wani magani ga lokotoro.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Aikin iri nawa ne? Wanne ne bai dace da baƙar fata ba?

2. Don mi ba a ɓare ɓawo da farce?

3. Wace lamba za ku nema jikin man kare rana?

Ku kai wagga magana gida, ku karanta ma waɗanda ba su ji ba. Sai sati mai zuwa. Mu kwana lafiya.