Dakauta: Sarkin Kano da ya yi dare ɗaya kacal a kan karaga

A shekarar 1452 birnin Kano ya ga naɗin sarki har sau uku. Na farko ya kwana ɗaya, na biyu ya yi mako guda, sai na uku ne ya samu ya zauna.

Bayan rasuwar Sarki Abdullahi Burja, wanda ya mulki Kano daga 1438 zuwa 1452, an naɗa ɗansa Dakauta. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Dakauta ba ya iya magana. Mutanen gari sun sa ran albarkar sarauta za ta buɗe masa baki. Da gari ya waye bai ce uffan ba, sai aka sauke shi.

Daga nan aka ɗora ɗansa Atuma. Shi ma kwana 7 ya yi aka tuɓe shi, kuma dalilin da littafin ya bayar shi ne tsoron rikici da Galadima Dauda.

Wannan Galadiman shi ne jagoran yaƙe-yaƙen Kano a kudu tun zamanin Burja. Ya yi shekaru yana kai hari yana aiko wa sarki bayi, yana kafa garuruwa. Ke nan rawani na kan Atuma, amma dawaki da mayaƙa na hannun wani.

Ƙura ba ta lafa ba sai da Yakubu, wani ɗan Burja, ya hau, ya yi mulki har 1463. Magajinsa Muhammadu Rumfa ya shekara 36, kuma a zamaninsa aka kafa majalisar Tara ta Kano, ta manyan masu sarauta tara.

Ba Kano kaɗai ta ga irin haka a wancan ƙarni ba. A ƙasar Habasha, Sarki Tewodros na Ɗaya ya yi kusan wata 9 tsakanin 1413 da 1414, Amda Iyasus kuma ya yi wata 8 kafin Zara Yakob ya hau a 1434 ya shekara 34. Dabarar Habashawa ta rage rikicin gado ita ce tsare 'ya'yan sarauta a saman dutsen Amba Geshen, sai wanda aka zaɓa a sauko da shi.

Ga matasan Waca, Magarya da Dungas, wannan ba tsohon labari ba ne. A Damagaram an sauke Sultan Abubakar Sanda a 2001, aka mayar da shi a 2011. A Kano gwamnatin Abdullahi Ganduje ta tuɓe Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da shi a watan Mayun 2024, yayin da Aminu Ado Bayero ya ƙi amincewa da cire shi, batun ya kai gaban kotu.

A da Galadima mai rundunar yaƙi ake shakka kafin a naɗa ko a tuɓe. Yau wannan ƙarfin ya koma hannun gwamna da majalisar dokoki. Shi kuwa talaka, wanda ke kai ƙarar gona ko rabon gado fada, shi ke rasa inda zai dosa duk lokacin da aka shiga jayayya a kan karaga.