Fiyano Biyu a Moduganari: Wanda Kunne Ya So da Wanda Aka Saya

Duk ma'aikacin da ke zaune a Abuja ya san irin kiran wayar nan da ake buɗewa da doguwar gaisuwa. Nawa daga Moduganari ya zo, a Maiduguri, inda ƙanina ke da ɗan sitidiyo mai ɗaki guda, yana ɗaukar waƙoƙin biki da tallan rediyo. Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta bar masa bango da rufi, amma fiyanonsa ya kwana cikin laka, bai ƙara yin magana ba. Watanni ya yi yana aron na mutane, kafin ya ce mini, "Yaya, na samu guda biyu na hannu, farashinsu kusan ɗaya. Ka zo ka ji da kunnenka." Farashin nan kuwa ya lashe albashina na wata biyu har da ɗoriya, don haka na je.

Na farko Korg Triton ne, mai launin azurfa da allon taɓawa a tsakiya. A 1999 aka fara fitar da shi, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye sitidiyoyin Amurka, har ya kasance da wuya ka saurari waƙoƙin farkon shekarun 2000 ba ka ci karo da muryarsa ba. Na biyu Yamaha PSR-S950 ne, na 2012. Dukansu madannai 61 gare su, amma ba aiki ɗaya aka ƙera su su yi ba. Triton na mai zama ya gina waƙa ne daki-daki, ya sassaƙa kowane sauti yadda yake so. Shi kuwa PSR ɗan rakiya ne: ka danna da hannun hagu, ganga da jita da sauran 'yan amshi su biyo ka, kamar ka ɗauko ƙungiyar makaɗa a cikin akwati.

Batun sauti ba a daɗe ana gardama ba. Da aka jona Triton da manyan lasifikoki, sai ɗakin ya cika da wani amo mai kauri da zurfi, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Ƙanina ya lumshe ido, ni ma da ba makaɗi ba na gane dalili. Sannan ga abin da ya fi jan hankalinsa: Triton na iya ɗaukar sautin waje ya shimfiɗa shi a kan madannai. Ma'ana, a kira mai kalangu ko mai algaita na gaske, a ɗauki bugunsa ko busarsa, a ci gaba da kaɗa su da yatsa. A garin da algaita da ganga suke da daraja irin ta Borno, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce. Sautin PSR a gefensa tsaf yake, wankakke, sarewarsa ma ta fi kama da ta gaske, sai dai kunne ya riga ya saba da shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 zuriyar PSR ke riƙe da kiɗan fina-finan Hausa a sitidiyoyin Kano, har abin da jama'a ke kira kiɗan fiyano ya zama, a mafi yawan lokuta, muryar Yamaha.

Muna cikin haka janareta ya yi tari ya mutu. Da aka sake tayar da shi, kalangun da muka ɓata rabin sa'a muna ɗauka ya tafi. Ba lalacewa ba ce, haka ƙirar zamaninsa take: sautin da aka ɗauka yana zama ne a ma'ajiyar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke, sai an sake loda shi daga faifan fulofi, abin da yaran yanzu ba su taɓa riƙewa ba. A Landan wannan ɗan jinkiri ne. A Maiduguri, wadda aka raba da babban layin wutar ƙasa a Janairun 2021 bayan an kayar da turakun hanyar Damaturu, wadda kuma har bayan buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023 ba wanda ya jefar da janaretansa, magana ce ta ko za a gama waƙar amarya ko za a tsaya ana kallon-kallo.

PSR kuwa ya farka kamar ba abin da ya faru. Kiɗe-kiɗen da aka tsara suna nan a filashi. Yana da lasifikarsa a jiki, yana da wurin jona makirufo, kuma wutarsa ta adafta take bi, wadda idan janareta ya yi hauka sau da yawa ita ke fara ƙonewa, a sayi wata. Ga shi kuma masu gyara da 'yan'uwa makaɗa sun fi sanin cikinsa. Kalangun gaske ba zai hau madannansa cikin sauƙi ba, sai dai a ɗauke shi daban a saka a filashi yana tafiya a ƙarƙashin kiɗan. Dabara ce, amma ba ta kai waccan ba.

Na so in ce a ɗauki Triton, domin zuciyata can ta karkata. Sai na tambaye shi inda kuɗinsa ke fitowa. Ya ce kashi mafi yawa daga filin biki ne, shi kaɗai da mawaƙi, a ƙarƙashin rumfa, da janaretan haya. Sitidiyo na bayan nan.

Muka danna madannan PSR ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, muka sa aka kwance bayansa muka duba ko akwai tsatsa ko sawun laka, domin kayan hannu a Maiduguri bayan ambaliya sai an yi musu kallon tsanaki. Ya fita lafiya. Na tura kuɗin a nan take.

Kafin mu fita, ƙanina ya roƙi mai kayan ya sake kunna masa Triton ɗin, ya kaɗa na minti biyu, ya ɗauka a waya. Ya kuma karɓi lambar mutumin, ya ce kada ya yi saurin sayarwa, a bar shi ya ga yadda bukukuwan bayan Sallah za su kaya.