Sonic: Bushiyar Da Ta Sa Hollywood Ta Sake Aiki

Duk wanda ya taso cikin gonakin Bici ya san bushiya. Dabba ce mai sanɗa, ba ta fita sai da dare, in ka taɓa ta sai ta dunƙule ta bar ka da ƙaya. To ita ce mutanen Japan suka ɗauko, suka shafa mata shuɗi, suka sa mata jan takalmi, suka ce ta fi kowa gudu. Abin dariya, amma ya ci kasuwa.

Kamfanin Sega ne ya fitar da gem ɗin Sonic the Hedgehog a watan Yuni 1991, a kan na'urarsa Mega Drive, wadda a Amurka ake kira Genesis. A lokacin Mario na kamfanin Nintendo ne ke cin karensa ba babbaka, Sega kuma na neman jarumin da zai kara da shi. Yuji Naka ya rubuta manhajar, Naoto Ohshima ya zana jarumin, Hirokazu Yasuhara ya tsara hanyoyin. Da farko zomo suka yi tunani, wanda zai riƙa ɗaukar abu da kunne yana jifa. Sai suka ga hakan na rage gudu. Bushiya kuwa dunƙulewarta ita ce makaminta, don haka maɓalli ɗaya ya isa: ka yi tsalle, ka zama ƙwallo, ka faɗa wa abokin gaba.

A garuruwa irin su Bici, da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, ba kowane yaro ne ya ga gem a gidan ubansa ba. Shagon gem ake zuwa: talabijin, benci, a biya kuɗi a karɓi pad, sauran suna tsaye a baya suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. A irin wannan zama, abin da ya sa Sonic ya fi daɗi shi ne zobuna. A hanya akwai zobunan zinare birjik. Muddin kana riƙe da ko guda ɗaya, in abu ya buge ka ba za ka mutu ba, zobunan ne za su watse, ka bi su da gudu ka tsinci abin da ya samu. Ka tara 100 a ƙara maka rai. Wato ko sabon shiga yana iya morar kuɗinsa kafin a ce masa ya tashi.

Sai dai gudun nan yaudara ce. Matakin farko, Green Hill, shi ne mai ciyawa da bishiyoyi da hanyar da ke kewayawa sama kamar zobe. Nan ake sakin jiki. Da an shiga Marble sai wuta da duwatsu masu motsi, dole a tsaya a jira. Wanda ya kai mataki na huɗu, Labyrinth, shi ya san wahala: cikin ruwa ake tafiya, ƙafa ta yi nauyi, Sonic bai iya iyo ba, in bai samu kumfar iska ya shaƙa ba sai kiɗa ya canza, lambobi su fara ƙirgawa, ya nutse. Masu sharhi sun daɗe suna kukan wannan wurin, kuma suna da gaskiya. Gudu na wanda ya haddace hanya ne. Mai gaggawa ƙaya yake faɗa wa. Ga shi gem ɗin na farko ba ya ajiye inda ka tsaya. Aka ɗauke wuta, shi ke nan, a koma Green Hill.

Mujallun waje sun yaba da launi da saurin gem ɗin da kiɗan Masato Nakamura. Da Sega ta haɗa shi cikin kwalin Genesis a Amurka, ciniki ya tashi har Nintendo ta ji a jikinta. A 1992 na biyu ya fito da Tails, dila mai wutsiya biyu, wanda ya ba ƙani damar riƙe pad shi ma. Har 'yan jabu ba a bar su a baya ba: akwai wani kaset na satar fasaha mai suna Somari, inda aka ɗora Mario a kan hanyoyin Sonic.

Inda labarin ya shafi 'yan kallo shi ne 2019. A ƙarshen Afrilu kamfanin Paramount ya saki tallan fim ɗin Sonic, sai ga wata halitta da ƙananan idanu, dogayen ƙafafu da haƙora irin na mutum. Kai, intanet ta kama da wuta! Yaran da suka yi gem ɗin a 1991 sun zama magidanta, suka ce wannan ba nasu ba ne. Cikin 'yan kwanaki darakta Jeff Fowler ya fito ya ce an ji, za a gyara. Aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020, aka sake zanen jarumin gaba ɗaya. A nan gida sau nawa furodusa ya taɓa janye fim saboda 'yan kallo sun ƙi tirela?

Fim ɗin, wanda Jim Carrey ya fito a mugu Dakta Robotnik, ya tara sama da dala miliyan 300. Na biyu ya zo a 2022 da muryar Idris Elba a matsayin Knuckles, na uku a Disamba 2024 da Keanu Reeves a matsayin Shadow. Shi kuwa tsohon gem ɗin, tun 2017 Sega ta sake shi kyauta a wayoyin hannu, kuma har a can ruwan Labyrinth na nan yana jiran mai gaggawa.