Girenda mai araha da faifan yanka: ɗan rubutun da ba ma karantawa

Duk wanda ya kwana a Aboabo ko Asawase a Kumasi, ko a Nima da Ashaiman, ya san ƙarar nan da ke tashi tun kafin rana ta yi zafi, wadda ke shiga har cikin haƙori. Girenda ce. Da ita ake yanka rodin da ake ƙera ƙofa da taga, da ita ake raba durom gida biyu a yi wa mai cicinga murhun gashi, da ita 'yan gwangwan ke farfasa tsohuwar mota. A Suame Magazine, inda dubban makanikai da maƙera ke aiki, da wuya ka wuce rumfa uku ba ka ga tartsatsinta ba.

A da, sai masta mai ƙarfi ke mallakar girenda, don Bosch ko Makita ta asali ba ƙaramin kuɗi ba ce. Yanzu kasuwa ta cika da masu sauƙin farashi, yawancinsu daga Sin, har yaron da ya gama koyon walda jiya zai iya sayen tasa ya kafa rumfa. Wannan alheri ne, kuma ba zan ce wa kowa ya guji mai araha ba. Wanda ke yanka bututu biyu ko uku a rana, mai arahar ta ishe shi. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai ita ya sani, kuma yawancinsu ba a jikin injin suke ba, a jikin faifan suke.

Ɗauki sabon faifan yanka ka duba bayansa. Za ka ga lambobi. A kan faifai mai faɗin milimita 115, wato wanda muke kira inci huɗu da rabi, an rubuta 13,300. A kan na milimita 125 an rubuta 12,250. Babban nan na milimita 230, inci tara, lambarsa wajen 6,600 ce. Waɗannan su ne iyakar juyin da faifan zai iya jurewa a minti ɗaya. Duk lissafi ɗaya ne ya haife su: kada bakin faifan ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa. Ƙaramar girenda tana juyi kusan 11,000 ko 12,000 a minti, babba kuma wajen 6,500. Ka ga kowane inji da faifan da aka yi dominsa.

Matsalar ita ce ramin tsakiyar faifan duk ɗaya ne, milimita 22 da ɗan ɗoriya, ko babba ko ƙarami. Don haka babban faifai yana hawa ƙaramar girenda lafiya lau, in dai an kwance murfin kariyar. Mutane kuwa suna yi, wai don ya shiga ƙarfe da zurfi, ko don babbar girenda ta yi tsada. Yi lissafin da kanka: faifan inci tara a kan injin da ke juyi 11,000 bakinsa na gudun sama da mita 130 a daƙiƙa, alhali 80 aka yarje masa. Faifan kuwa ba ƙarfe ba ne. Ƙwayoyin dutsen wasa ne aka haɗa da wani irin danƙo, aka ƙarfafa da ragar zaren gilashi. In ya fashe, ɓarɓashinsa na fita ne kamar harsashi, kuma abin da ke kan layinsa shi ne fuska da wuya da ƙirjin mai yankan.

Akwai wata dabarar tattali da ta fi wannan yawa a rumfunanmu. Babban faifai in ya cinye ya koma ƙarami, sai masta ya miƙa wa yaro ya ɗora a ƙaramar girenda, kada a yi asara. A ido kamar ba laifi, tunda girman ya yi daidai. Amma masu ƙera faifan ba su yarda da haka ba, domin lambar 6,600 da aka buga masa tana nan ba ta canja ba, ga shi ya riga ya sha wuta da girgiza.

Sai kuma abin da na tabbata kaɗan ne cikinmu suka taɓa lura da shi: faifai yana da ranar lalacewa, kamar magani. Dubi zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, a faifai na kirki za ka ga an buga wata da shekara. Shekara uku ake ba shi daga ranar ƙira, don danƙon da ke riƙe da shi yana rauni da tsufa, laima kuma tana hanzarta hakan. Yanzu ka tuna yadda damina take a Kumasi, ka tuna faifan da ke rataye a ƙusa cikin kwantena mai yoyo, ko wanda ya kwana a ƙasan akwatin kaya ƙarƙashin guduma da sifana. Faifan da babu lambar juyi a jikinsa, babu kwanan wata, babu alamar EN 12413 da ke nuna ƙa'idar da aka ƙera shi a kai, ni dai ba zan saya ba ko da kyauta ne. In kuɗinka bai kai ba, gara injin ya zama mai araha, faifan ya zama na kirki.

Ni kaina girenda ta taɓa ba ni darasi, ko da yake nawa mai sauƙi ne. Lokacin da nake taya wani kawuna aiki a hutun makaranta, na yanka ɗan guntun rodi babu tabarau, don a ganina aikin daƙiƙa goma ne. Na ji wani abu ya shiga ido, na murza, na ci gaba. Da dare ido ya yi ja, hawaye ya ƙi tsayawa. Wata maƙwabciya ta ce a ɗiga nono, wani ya kawo maganaɗisu. Sai kwana biyu aka kai ni asibiti, likita ya ciro ɗan tsinken ƙarfe da ƙyar ake ganinsa, sannan ya kankare tsatsar da ta riga ta kewaye wurin. A nan na ji cewa ƙarfe in ya maƙale a baƙin ido, cikin 'yan awoyi yake fara tsatsa. Don haka in abin ya faru, kada a murza, kada a sa tsinke ko ashana, a wanke da ruwa mai tsabta, in bai fita ba a rufe idon a nufi asibiti a ranar. Tabarau mai haske da ke rufe gefe bai kai kuɗin faifai uku ba. Baƙin gilashin walda kuwa ba na yanka ba ne, ba za ka ga layinka ba.

Mu koma kan murfin. Hujjar masu cire shi ita ce yana tare musu gani, yana hana su shiga lungu. Ai murfin juyawa yake yi. A sassauta shi a karkatar da shi ya tsaya tsakanin faifai da jikinka. Haka mariƙin gefe, wanda ake kwancewa a jefa cikin kwali tun ranar farko. Amfaninsa yana bayyana ne lokacin da ƙarfe ya matse faifai. In ka ɗora dogon bututu a kan duwatsu biyu ka yanka tsakiya, yana gab da rabuwa sai ya lotsa ya cije faifan, injin ya yi tsalle ya dawo kanka. Hannu ɗaya ba ya tare wannan. Maganin shi ne a tallafe ƙarfen ta yadda guntun da ake cirewa zai faɗi waje, yankan ya buɗe maimakon ya rufe, a kuma ɗaure shi da kyau, ba a taka da ƙafa mai silifas ba.

Faifan yanka siriri ne, kaurinsa daga milimita 1 zuwa 3, an yi shi ne ya shiga a miƙe da bakinsa. Na guga kaurinsa wajen milimita 6 ne. Wanda ya gama yanka ya kwantar da siririn faifan yana goge bakin ƙarfe da gefensa, yana cinye ragar da ke riƙe da shi ne. Canja faifai minti ɗaya ne, amma a zare filogi tukuna. In an ɗora sabo, a bar shi ya yi juyi babu aiki na kamar minti ɗaya, an kau da shi daga fuska, don mai tsaga a nan yake tona kansa. Shi kuwa faifan zarto mai haƙora na yankan katako, wanda wasu kafintoci ke ɗorawa a girenda, wannan ba shi da wata hanya mai aminci, a bar shi kawai.

Inda mai araha ta fi bambanta da mai tsada shi ne maɓalli. Da yawa daga cikin masu tsada na yanzu, in wuta ta ɗauke ta dawo ba sa tashi da kansu. Mai araha kuwa in ka kulle maɓallinta tana aiki, dumsor ya zo, ka ajiye ta a ƙasa ka tafi sallah, wuta na dawowa za ta tashi ta yi ta rawa a tsakar rumfa, ko da yaro na kusa. Wuta na ɗaukewa, fara kashe maɓalli. Ban da wannan, ƙaramin injinta ba ya son danniya. In ka ji sautinta ya faɗi, ko jikinta ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ɗaga mata ta huta, in ba haka ba wayar ciki ta ƙone. Gawayin da ke cikinta shi ma yana cinyewa, kuma canja shi da wuri ya fi sayen sabon inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Tufafi ma abin dubawa ne a wajenmu. Jallabiya ko riga mai faɗin hannu, ko carbi da ke lilo a wuya, faifai na iya kamawa ya naɗe cikin ƙiftawar ido. Yadin roba kuma in tartsatsi ya same shi narkewa yake ya manne a fata. Wanda ya dawo daga Juma'a aka ce masa ga ɗan aiki na gaggawa, ya canja kaya tukuna.

Game da durom, wanda masu cicinga da masu sayar da ruwa ke kawowa a yanka musu: tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Durom ɗin da ya ɗauki fetur ko tina ko wani sinadari, ko ya shekara a bushe, tururin da ya rage a ciki na iya tashi da tartsatsi ɗaya, kuma wanda babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari don iska ta gauraya da tururin. Ɗauraya sau ɗaya ba ta isa ba. Masu gogewa suna buɗe duk murafunsa, su wanke shi sosai, su cika shi da ruwa har kusa da layin yankan kafin su kusanto da faifai. Tankin mai na mota shi ma haka. Tukunyar gas kuwa, ko mai ita ya rantse babu komai a ciki, mayar masa da kayansa. In kuma tsautsayi ya auku jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kada a zare abin da ya nutse cikin nama, a kira 112.